Ƙafar Baba da 'Yan Dubiya

A shekarar da na fara koyarwa a wata ƙaramar firamare da ke Nzeng-Ayong ne ƙafar Baba ta kumbura. Damina ce, irin daminar Libreville da takalmin mutum ba ya bushewa daga wannan Juma'a zuwa waccan, ganyen ayaba na bayan gida kuma ba ya daina ɗiga ko an ɗauke ruwan.

Baba mai nama ne. A Kano tsire ya koya, amma a nan abin da mutanen gari ke so shi ne kupe-kupe, wato gasasshen naman sa da ake daddatsawa ƙanana a zuba a takarda da albasa da yaji, a ci da burodi ko da rogon nan da ake naɗewa a ganye. Tukubarsa rabin ganga ce da raga a kai, a bakin titi kusa da inda motocin haya ke sauke mutane. Tun kafin a haife ni yake tsaye a wurin. Na ce tsaye, don ban taɓa ganin Baba yana aiki a zaune ba. Yana cewa mai naman da ya zauna, naman ma kwanciya yake yi. Ƙafafun nan biyu su suka ciyar da mu, su suka kai ni makaranta har na fito.

Wata rana bayan Magariba ya shigo gida yana rawar sanyi, haƙoransa na haɗuwa. Dukanmu muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, don a garin nan shi ake fara zargi da komai. Da gari ya waye sai ga ƙwaurinsa na hagu ya tashi, fatar ta yi tsai tana sheƙi, ja na leƙowa ta ƙarƙashin baƙinta. Na ɗora bayan hannuna a kai, na ji zafi kamar murfin tukunya. Ga kaluluwa ta fito masa, ko taka ƙafar ba ya iya yi sai ya cije baki.

Kafin hantsi ƙafar ta samu suna biyu. Inna, mahaifiyata, ta ce daji ne, haka ake kiran irin wannan kumburin a garinsu, kuma daji ba ya son allura. Maƙwabciyarmu 'yar ƙasa, mai sayar da kifi busasshe, ta leƙo ta ga ƙafar, ta riƙe baki ta ce wannan ai bindigar dare ce, wani mai hassadar wurin sana'arsa ne ya harbe shi yana barci, kuma ta san wani tsoho a bayan gari da ke cire harsashin. Ni ba ni da sunan da zan ba ta, wannan kuwa shi ya fi damuna. Haka nake tun ina ƙarama. Rediyon Baba na farko ni na kwance shi don in ga mutanen da ke magana a ciki, na sha duka kuma ban daddara ba.

Da ƙyar na shawo kansa muka je asibitin unguwa. Faransancin Baba na bakin titi ne, ya iya gaisuwa da ciniki da zagin direban da ya fallatsa masa ruwa, amma a gaban likita ko ma'aikaci ni ce bakinsa. Likitar wata mace ce mai ɗan shekaru, da tabarau rataye a wuya. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ta daɗe a kan kumburin ba. Ta dube shi, ta ɗan danna, sai ta sunkuya ta kama yatsun ƙafar Baba tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya dube ni ya ce in gaya mata ciwon a sama yake. Ba ta ko ɗago ba. Tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ta tsaya, ta kira ni in gani. Fatar wurin ta yi fari fat, ta tsage, irin cin ruwan da kusan kowa ke da shi da damina ba a kuma ɗauke shi ciwo.

Ta ce nan ce ƙofar. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a fatar kowa ba sa yin komai, sai sun samu tsaga su shige ciki su bi ƙarƙashin fata suna hawa. Na tambaye ta me ya sa ba su tsaya a yatsan ba. Na tambaye ta ko alwala sau biyar a rana tana da hannu a ciki. Ta ce ba alwalar ba ce, rashin share tsakanin yatsu ne kafin a mayar da ƙafa cikin jiƙaƙƙen takalmi. Ina shirin jefa ta uku Baba ya harare ni, ya ce ni na kawo shi ko shi ya kawo ni.

Daga nan ta zaro biro daga aljihunta, ta zana layi a ƙafar, ta zagaye iyakar jan gaba ɗaya. Baba ya bi hannunta da kallo, ya ce yau kuma shi aka mayar allo. Ta ce mu riƙa duba layin kullum. In jan ya ja baya, magani na ci. In ya tsallake, mu dawo ba tare da jira ba. Ta rubuta antibayotik, kafso biyu a kowane sha, safe da rana da yamma, har sai kwalin ya ƙare ko da ƙafar ta yi kamar ta warke. Ta haɗa da man shafawa na tsakanin yatsu, ta ce a ɗaga ƙafar a kan matashi.

Ban iya fita ba sai da na yi tambayar da ke cina. Na ce yaya abin da aka haɗiya ta baki zai san hanyar ƙwauri. Ta yi dariya ta ce bai sani ba, jini ne ke yawo da shi ko'ina, har kunne da yatsan hannu, inda ya tarar da ƙwayoyin ya yi aikinsa. Abin da ake so kawai kada ya yi ƙaranci a jinin. Ta tambayi sana'ar Baba, da na gaya mata sai ta ce to shi ya fi ta sanin abin da ke faruwa da nama in aka bar garwashi ya yi ta mutuwa ana sake hurawa. Wannan kam Baba ya gyaɗa kai tun kafin in gama fassarawa.

Muka dawo gida da kwalin kafso ja da rawaya. Baba ya ce shi ba zai kwanta a ɗaki kamar mai jego ba, aka shimfiɗa masa tabarma da katifa a barandar gaba, aka jera benci biyu. Ya san abin da ke tafe. A ƙasar da ba taka ba, dubiya ba ƙaramin abu ba ce. Mutum ba shi da kawu ko baffa a kusa, waɗanda kuka haɗu da su a masallaci da kasuwa su ne dangi, kuma kowa na so a ga fuskarsa. Suna fara zuwa bayan Azahar, wasu su tashi wasu su zauna, har a kira Magariba. Akwai Kanawa da Zazzagawa masu shaguna, akwai mutanen Nijar, har da wani Bamale da Hausarsa duk ta kasuwa ce. Ni da Inna ba ma zama a wurin. Mukan miƙa shayi ta bayan labule mu koma.

Shan safe ni nake ba shi da hannuna kafin in tafi makaranta. Na rana da na yamma shi ke sha da kansa, kwalin na gefensa tare da buta da carbi da agogon hannunsa da ya cire ya ajiye don ya riƙa ganin lokaci. Ban yi shakkar komai ba. Baba mutum ne mai cika abin da ya ɗauka, in ya ce zai yi to an gama.

Da farko abin ya yi kyau. Zazzaɓin ya sauka, ya fara cin tuwo, ya fara faɗa da yaron da ya bar wa tukuba ta waya. Kowace yamma in na dawo, kafin in cire mayafi, sai na durƙusa na duba layin, in ya dushe in sake bin sa da birona na gyaran aikin yara. Ina jin daɗin wannan aikin, ba zan ɓoye ba. Gani nake yi kamar an ba ni taga ina leƙen wani yaƙi da ake yi a ƙarƙashin fata. Jan ya ɗan ja baya ta wajen idon sawu, na nuna wa Inna, ta ce to Allah ya sa.

Sai ya tsaya. Kwana ya bi kwana bai ƙara matsawa ba. Wata yamma kuma na ga ya tsallake layin ta bayan ƙafar, kamar faɗin yatsa. Na ce mu koma asibiti, Baba ya ce a bar magani ya yi aikinsa, gaggawar me nake yi.

Na ɗauki kwalin na duba. Babu kuskure ko ɗaya, ramukan da ya kamata a ce sun zama wofi sun zama wofi, ba ƙari ba ragi. Nan kaina ya ɗaure. Magani na fita daga kwali daidai, ƙafa kuma tana cewa ba ta gan shi ba. Na fara zargin jabu ne, na koma wurin mai sayar da maganin da kwalin a hannu, mutumin ya ji haushi har ya juya min baya. Na zaro 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ke cikin kwali na karance ta gaba da baya, na koyi sunayen cututtukan da ban taɓa ji ba, ban samu amsa ba. Na zargi shayi mai madara. Na kama Inna tana shafa wa ƙafar man shanu da tafarnuwa, muka yi cacar baki har ta ce tunda na yi boko sai in haifi kaina. Da na tambayi wata abokiyar aikina da mijinta ke aikin jinya, ta dawo min da cewa man shanu ba zai hana abin da aka haɗiya aiki ba. Maƙwabciyarmu kuwa kullum ta wuce sai ta girgiza kai ta ce harsashin na nan ciki. Akwai yammar da na tsaya ina kallon ƙafar har na ji zuciyata ta fara cewa ko dai matar nan ta san wani abu.

Amsar ta zo min a bakin titi, ba nema nake yi ba. Baba na da amini, wani tela mutumin Maraɗi, dogo siriri mai yawan dariya, wanda shagonsa ke kan hanyata ta dawowa. Tun ina goye ya san ni, shi ya ɗinka min rigar makarantata ta farko, shi ma Baba nake ce masa. Ya hango ni ya kira, na tsaya na gaishe shi. Sai ya ɗaga hannunsa na dama sama yana juya shi.

"Ɗiyata, kin gani? Maganin nan na babanki akwai ƙarhi. Marurun da ya hana ni ɗaga hannu, ga shi ya hwashe."

Na ce, "Wane magani, Baba?"

"Ja da rawayan nan mana. Allah dai shi saka mishi."

Na ce amin. Na yi masa barka, na wuce. Ban san yadda na iso gida ba, kaina na ta lissafi yana rushewa. In Baba na ba wa mutane, ai da kwalin ya yi saurin ƙarewa. Bai yi ba. Ban ce wa kowa komai ba, don ina so in gani da idona.

Washegari Laraba ce, ba a komawa aji da rana. Na shigo ta ƙofar baya, na zauna a bayan labulen falo da littattafan yara a cinya, na ɗan ja gefen labulen. Mutum biyar ko shida ne a kan benci, ana hirar kwastan da tsadar albasa. Can Baba ya ɗauki agogo ya duba. Ya jawo kwalin, ya ɓallo kafso biyu a tafin hannunsa, ya jawo kofin ruwa. Sai ya miƙa hannun gaba, ya zagaya da shi a hankali ta fuskar kowa.

"Bismillah."

Haka yake yi da goro, haka yake yi da nama, haka yake yi ko da ruwan sanyi ne. A gidanmu ba a kai abu baki a gaban mutum ba a yi masa tayi ba, kuma Baba ya fi kowa tsanani a kan wannan. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa tayin zai bi shi har cikin kwalin magani ba.

Yawancinsu suka ce Alhamdulillahi, Allah ya ƙara sauƙi. Amma damina ce, kuma a garin nan da wuya ka tara maza shida ba mai ƙurji a cikinsu. Wani direba ya shafa ƙeyarsa inda aski ya tayar masa da ƙuraje, ya ce to bari ya taya Alhaji, ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki. Wani dattijo mai shagon robobi ya ce shi ba sha zai yi ba, ya karɓi ɗayan, ya cire takalmi, ya buɗe kafson gida biyu da farce ya barbaɗa garin a kan wani gyambo da ke babban yatsansa. Hannun Baba ya dawo wayam. Ya ɗauki kofin ya kurɓi ruwa, har da ɗaga kai sama kamar mai tura abu a maƙogwaro, ya ajiye, aka ci gaba da zancen albasa.

Abin da na fara ji shi ne daɗi, daɗin wanda ya daɗe yana neman mabuɗi ya gan shi a aljihunsa. Ga dalilin da kwali ke tafiya daidai. In mai karɓa ɗaya ne, Baba ya sha rabi. In biyu ne, ya sha ruwa. Dariya ta taso min na danne ta da littafi. Ba ta kai ko'ina ba ta juye ta zama fushi. Na dubi ƙafar nan a kan matashi, tana sheƙi, da layina na biro da aka riga aka tsallake.

Na jira har suka tafi sallar Magariba. Na fito na durƙusa a gefensa kamar zan duba ƙafar, na ce masa na ga abin da ya faru da rana. Bai musa ba, bai ma ga abin musu a ciki ba. Ya ce ai ba kullum ake karɓe duka biyun ba.

Na ce, "Baba, naka ne. Kai aka auna wa."

Ya ce, "To in haɗiye biyu, mutum na zaune da ciwonsa yana kallona?"

Na ce masa wannan ba goro ba ne. Muryata ta ɗaga fiye da yadda ta taɓa ɗagawa a gabansa, har Inna ta leƙo. Bai yi min tsawa ba. Ya ɗan ja carbi, sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce lokacin da ya sauka a garin nan ta ruwa, da riga ɗaya da ciwon ciki, bai san kowa ba. A bayan wani shago ya kwana, kuma wata da watanni bai ci abinci a kwanon kansa ba. Duk inda ya ga mutanenmu sun zauna cin abinci sai ya rage tafiya, wani ya ce masa bismillah, ya zauna. Telan nan yana cikin waɗanda suka fara ce masa. Ya ce da a ce mutanen nan sun tsaya auna wa aka yi wa tuwon, da ba a haife ni ba.

Tausayinsa ya kama ni, fushin kuma bai tafi ba, duka biyun suka zauna min a ƙirji. Na ɓallo kafso biyu na ba shi, na tsaya a kansa har ya haɗiye.

Amma an riga an makara. Da safe zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, jan ya haura har kusa da gwiwa, wani wuri a bayan ƙafar ya yi taushi ya tara ruwa. Sai da maza biyu suka ɗauke shi zuwa tasi. A hanya ya ce min kada in gaya wa likita zancen tayin, in ce kawai maganin ne bai karɓe shi ba. Na kau da kai ina kallon titi. Da muka shiga asibitin unguwa na gaya wa likitar komai.

Ta sa na maimaita. Ta ce ta ga masu daina sha da zarar sun ji sauƙi, ta ga masu ɓoye rabi don wata rana, amma mai tayi da antibayotik yau ta fara gani. Na ga ita ma abin ya ɗaure mata kai, ta ɗan jima tana kallon Baba ta saman tabarau. Ko a lokacin ban fasa tambaya ba, na ce to yaya marurun tela ya warke. Ta ce maruru in ya nuna fashewa yake yi da kansa, kuma sau da yawa ƙwayar da ke kawo shi ba ta ma jin wannan maganin. Kafso ɗaya bai warkar da kowa a barandarmu ba, sai dai ya koya wa ƙwayoyin jikinsu yadda za su jure shi gaba. Daga nan ta daina murmushi. Ta ce yanzu sai babban asibiti. In cutar ta shiga jini rai ake magana, in kuma naman ƙafar ya fara mutuwa, abin da ya mutu yanke shi ake yi. Na fassara wa Baba duka, ban rage masa ko kalma ɗaya ba.

A babban asibiti aka sa masa ƙarin ruwa da maganin a ciki, aka tsaga bayan ƙafar aka matse mugunya mai yawa. Inna ta tare a wurin da tabarmarta. Kwanakin farko ba na son tuna su, kullum likitoci su zo su buɗe su duba launin naman su yi magana ƙasa-ƙasa, ni kuma in kasa kunne in tsinci abin da zan iya. Sannu a hankali zafin ya sauka. Ranar da Baba ya dubi robar da ke rataye a kansa ya ce wannan kam ba ta tayuwa, na san ya fara dawowa.

'Yan dubiya ba su fasa ba, sai dai a can ba a barin su su yi yawa. Wata rana telan ya shigo daidai lokacin da ake wankin ciwon. Ya ga ramin da aka tsaga, ya ga auduga na shiga tana fita. Mutumin da ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba ya tsaya kamar an dasa shi. Da na fita ɗebo ruwa ya biyo ni baranda.

"Ɗiyata, wanda na sha, cikin nashi ne? Ba ƙari ba ne aka ba shi?"

Na ce, "Cikin nasa ne, Baba."

Ya tambaye ni ko shi ya jawo wannan. Na so in ce a'a don in sanyaya masa, amma na ce masa ba shi kaɗai ba ne, kuma ba wanda ya sani. Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa, ya tafi ko sallama bai yi wa Baba ba.

Aka sallame mu da wasu kafso na daban, su ma biyu-biyu. Likitan da ya sallame mu ya ja min kunne, ya ce ƙafar ba ta gama tsira ba. In aka yi wasa da wannan zagayen cutar za ta dawo, kuma kowace dawowa sai ta fi ta baya ɓarna. Na roƙi Baba ya zauna a ɗaki har maganin ya ƙare, ya ce shi ba zai rufe wa mutane ƙofa ba. Na ce to ya daina tayin. Ya ce to, amma yadda ya faɗe ta na san bakinsa ne kawai ya ce, hannun kuma ya saba da hanyarsa. Ni ba zan iya barin aji kullum da rana ba, Inna kuma ba za ta fita cikin maza ta tsaya a kansa ba.

Washegarin dawowarmu Asabar ce, ana ruwa tun safe. Bayan Azahar suka fara zuwa kowa da lemarsa, har benci biyun suka cika. Na koma bayan labule. Na riga na yanke cewa in hannun nan ya miƙa, zan fito in karɓe kwalin a gaban kowa, a ce 'yar mai nama ba ta da kunya, na yarda.

Baba ya duba agogo. Ya jawo kwalin. Kafin ya gama ɓallo na biyun, telan ya miƙe tsaye ya ce shi zai ɗan duba ruwan nan ko ya yi sauƙi. Direban ya miƙe. Dattijo mai robobi ya lalubi takalmansa. Ɗaya bayan ɗaya suka sauka daga barandar, ba wanda ya tsaya ɗaukar lema, suka jeru a bakin kwanon rufin inda ruwa ke zuba, duk sun juya mana baya suna kallon titi kamar akwai abin kallo a ciki. Ban gaya wa kowa ya yi haka ba, Inna ma ba ta sani ba.

Baba ya zauna da kafso biyu a tafin hannu, ga benci wayam a gabansa. Hannun ya ɗan motsa gaba ya tsaya. Ya dubi bayan mutanen nan, riguna na jiƙewa a kafaɗunsu. Ban taɓa ganin sa shi kaɗai haka ba, sai na ji hawaye na zubo min a kan littafin wani yaro. Ya kai hannun baki, ya kurɓi ruwa, ya haɗiye da ƙyar. Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya gyara murya.

"To ku dawo mana, kada ku jiƙe."

Ba wanda ya juyo. Telan ne ya yi magana, fuskarsa na kallon titi.

"Duka biyun?"

Baba ya ce, "Duka biyun."

Sannan suka hawo, suna karkaɗe ruwa daga huluna, kowa ya koma inda ya tashi. Haka suka riƙa yi rana da yamma, ko ina nan ko ba na nan, har kwalin ya ƙare. Ƙafar ta zauna. Ta fi 'yar'uwarta kauri har yau, kuma a kan doguwar kujera Baba yake gashi yanzu, wadda telan ya ɗinka wa matashi.